Gaɓa Tara a Ciki, Saura a Waje: Yadda Tsawon Guntun Furotin Ke Tayar da Garkuwar Jiki

Idan likita ya nemi a yi wa mutum gwajin jini na tarin fuka mai suna QuantiFERON-TB Gold Plus, kwalabe huɗu ake cikawa, kowace da mililita 1 na jini. Ta farko babu abin da zai tsokani jinin a cikinta, don a ga yadda yake idan an ƙyale shi. Ta ƙarshe tana ɗauke da sinadarin da ke tayar da ƙwayoyin garkuwar jikin kowa, don a tabbatar suna raye suna aiki. Biyun tsakiya, TB1 da TB2, su ne ainihin gwajin. Dukansu an shafa musu guntayen wasu furotin biyu na ƙwayar tarin, ESAT-6 da CFP-10. Guntayen da ke cikin TB1 dogaye ne. A TB2 kuwa an haɗa dogayen da wasu gajeru. Sai a ajiye kwalaben a ɗumin jikin mutum, digiri 37, na awa 16 zuwa 24, sannan a auna intaferon-gama, sinadarin da ƙwayoyin T ke fitarwa idan sun ci karo da abin da suka sani tun da.

An ware kwalba guda saboda bambancin tsawo kawai, kuma da dalili. Manyan rukunonin ƙwayoyin T biyu ne a jiki, kowane da tsawon da yake iya gani. Makasa, masu alamar CD8, guntu mai gaɓa 8 zuwa 10 suke ganewa. Mataimaka, masu alamar CD4, nasu ya fi tsawo, galibi gaɓa 13 zuwa 25, kuma bakinsa ba a daidaice yake ba. Gaɓa a nan ita ce amino asid, wato ƙananan sinadarai iri 20 da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya su zama furotin. Guntun da aka yanko daga wannan jeri shi masana ke kira feftid.

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibitin masu ɗauke da HIV ya ji ana maganar CD4. Mai lafiya yana da tsakanin 500 da 1,500 a kowace maikirolita ta jini, kuma idan suka sauka ƙasa da 200 sai cututtukan da a da ba sa iya komai su samu ƙofa. Mataimakan nan ba su cika kashe cuta da kansu ba. Su ne ke ba ƙwayoyin B izinin ƙera antibodi mai ƙarfi mai daɗewa, su ke zaburar da ƙwayoyin makrofaj su hallaka tarin fukan da ya ɓuya a cikinsu, su ke sa makasa su dage. To amma kafin su yi ko ɗaya daga cikin wannan sai an tashe su, kuma abin da ke tashinsu ɗan guntun nan ne. Gaɓa ɗaya ko biyu da aka ƙara ko aka rage a bakinsa na iya raba tashi da barci.

Ba sa ganin cuta ɗungurungum

An daɗe kafin a yarda cewa ƙwayar T ba ta ganin ƙwayar cuta yadda take. Emil Unanue, haifaffen Habana ta ƙasar Kyuba da ke aiki a Jami'ar Harvard, shi da Kirk Ziegler suka nuna a 1981 cewa idan makrofaj ta haɗiye bakteriyar Listeria, sai an ɗan jima kafin ƙwayoyin T su gane ta a jikinta. Wani aiki ke gudana a ciki. A 1982 suka gano abin da ke tsayar da aikin, kuma magani ne da kusan kowane gida a ƙasar Hausa ya sani: kulorokwin. Maganin yana rage tsamin ƙananan jakunkunan da ke cikin ƙwaya, inda enzayim masu yanka furotin ke aiki. In babu tsami babu yanka, in babu yanka ƙwayar T ba ta ga komai ba.

A 1983, a birnin Denba na Amurka, ayarin Howard Grey, John Kappler da Philippa Marrack suka ƙarasa hujjar. Suka sandarar da ƙwayoyi masu gabatarwa, wato masu nuna wa ƙwayar T abin da suka haɗiya, da sinadari ta yadda ba za su iya haɗiya ko yanka ba. Da aka ba su furotin ɗin farin ƙwai cikakke, ƙwayoyin T ba su motsa ba. Da aka fara daddatsa shi a kwalba sannan aka ba su, sai ƙwayoyin T suka tashi. Shekara biyu bayan haka, a 1985, ɗakin binciken Unanue ya nuna kai tsaye cewa guntu mai gaɓa 16 daga laisozayim, wani furotin na farin ƙwan kaza, yana manne wa wani furotin da ke saman ƙwaya mai gabatarwa. Sunan wannan furotin MHC, a jikin ɗan'adam kuma HLA. An san shi tun da daɗewa, amma a matsayin abin da ke sa jiki ya ƙi ƙodar da aka dasa masa. Jean Dausset na Faransa ya bayyana na farkonsa a jikin mutum a 1958. Sai yanzu aka fahimci aikinsa na yau da kullum, wato riƙe guntu ya ɗaga shi don ƙwayar T ta duba.

MHC aji biyu ne. Aji na ɗaya yana kan kusan kowace ƙwaya a jiki, yana nuna wa makasa abin da ke cikinta. Aji na biyu yana kan ƙwayoyi masu gabatarwa kaɗai a yawancin lokaci, wato dendiritik, makrofaj da ƙwayoyin B, yana nuna wa mataimaka abin da aka haɗiyo daga waje. A 1987 Pamela Bjorkman, Don Wiley da Jack Strominger suka fitar da siffar aji na ɗaya a Harvard: kwarmi ne dogo tsakanin bango biyu, a toshe ta kowane ƙarshe. Shi ya sa a 1991, da ayarin Hans-Georg Rammensee a Tubingen ta Jamus suka ciro guntayen da ke cikinsa suka auna, kusan duk gaɓa 8 ko 9 ne. Abin da ya wuce haka ba ya samun wurin kwanciya sai ya lanƙwashe.

A wannan shekarar Alexander Rudensky da Charles Janeway a Jami'ar Yale suka yi irin wannan aikin da aji na biyu na ɓera, suka samu gaɓa 13 zuwa 17. A 1992 Roman Chicz da abokan aikinsa suka duba HLA-DR1 na mutum, suka samu 13 zuwa 25, kuma suka lura da wani abu: guntayen dangi-dangi suke zuwa, tsakiyarsu ɗaya, bakunansu ne suka sha bamban. Siffar da aka fitar a 1993 ta bayyana dalili. Kwarmin aji na biyu a buɗe yake gaba da baya. Ka ɗauka mutum ne ya riƙe sandar rake a tsakiya, a ce gaɓoɓin ƙanana ne har tara sun shige tafin hannunsa. Abin da ke cikin hannun ƙayyadajje ne, amma raken ya fito ta sama ya fito ta ƙasa, ko gaɓa biyu ko goma. Taran nan ana kiransu cibiya. Huɗu daga cikinsu, galibi ta 1, ta 4, ta 6 da ta 9, suna cusa kai cikin ƙananan ramukan da ke ƙasan kwarmin, su ne ke riƙe guntun. Sauran suna kallon sama, inda furotin mai ganewa na ƙwayar T, wanda ake taƙaitawa TCR, ke saukowa ya taɓa su.

Wa ke yanke tsawon? Babu mai awo. Sabon MHC aji na biyu yana fitowa ne da wani furotin mai rakiya da ya toshe masa kwarmi, kada ya kwashi abin da bai kamata ba a hanya. A cikin jakar mai tsami enzayim ke cinye mai rakiyar har ya rage ɗan guntu da ake kira CLIP, sai wani furotin, HLA-DM, ya fizge shi, ya kuma ci gaba da fizge duk guntun da bai kama da kyau ba har a samu mai zama daram. Eli Sercarz na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ya daɗe yana jayayya cewa sau da yawa kamawa ke riga yanka: MHC ya cafke dogon furotin da ya warware, sannan enzayim su bi bakunan da suka fito suna gutsura, har su iso kusa da kwarmin inda ba sa iya kaiwa. Inda suka tsaya, nan ne tsawon ya tsaya.

Rarar da ba rara ba ce

Da aka gane cibiya gaɓa tara ce, mutane da yawa sun ɗauki abin da ya fito waje a matsayin ragowar yanka. Aka shiga neman mafi gajartar guntun da zai tashi ƙwayar T, ana rage gaɓa ɗaya-ɗaya har amsa ta ɗauke. A ganina wannan hanya ta koyar da abu mai yawa, amma ta kuma sa an daɗe ana raina sashen da ke waje.

Aikin farko na bakunan shi ne ƙara riƙo. Ban da ramukan nan huɗu, MHC aji na biyu yana kama ƙashin bayan guntun ne da ɗaurin haidirojin da yawa, kuma wasu daga cikin ɗaurin suna daidai bakin kwarmi, a kan gaɓoɓin da ke wajen cibiya. In ka yanke guntu daidai tara, ka zubar da su. Christopher Nelson da Unanue sun nuna haka a farkon shekarun 1990 da laisozayim ɗin nan mai gaɓa 129. Gaɓa ta 52 zuwa ta 61 ita ce mafi gajartar da ke aiki, amma abin da ƙwayar ɓera ke ɗagawa da kanta ya fi haka tsawo, kamar ta 48 zuwa ta 62, kuma dogon ya fi zama daram ya fi daɗewa a saman ƙwaya. Daɗewar nan ba ƙaramin abu ba ce. Ƙwayar dendiritik da ta haɗiyi cuta a fata sai ta yi tafiya zuwa kaluluwa, sannan ta jira har ƙwayar T da ta dace ta biyo, alhali irin wannan ƙwayar ɗaya ce cikin ɗaruruwan dubbai. Guntun da ya faɗi a hanya tamkar ba a taɓa kama shi ba. Wani nazari na 2008 da ya tattara awon riƙo na guntaye masu yawa ya ga ƙarfin riƙon yana ƙaruwa da tsawo har wajen gaɓa 18 zuwa 20, daga nan ƙarin ba ya ƙara komai.

Aiki na biyu shi ne ya ba mutane mamaki. A 1997 Dario Vignali da ayarinsa a asibitin yara na St. Jude da ke Memfis suka yi wa ɓeraye rigakafi da guntun laisozayim ɗin, amma suka bar masa gaɓa ta 62 da ta 63, waɗanda dukansu tiriftofan ne, amino asid mai girman jiki. Yawancin ƙwayoyin T da suka taso sun dogara ne kacokan a kan waɗannan gaɓoɓi na waje. In an cire su, ƙwayoyin ba sa amsawa, ko da yake cibiyar na nan cikin kwarmi ba a taɓa ta ba. Guntun mai baki ya kuma fi tayar da garkuwa, kuma ƙwayoyin da ya taso sun fi gane cikakken furotin daga baya. A 2002 suka faɗaɗa binciken zuwa wasu guntaye, suka ga abin ya zama ruwan dare. Ma'anarsa ita ce TCR yana leƙawa har bayan bakin kwarmi, musamman gaɓar da ke gab da shiga da ta 11. A 2012 David Cole da Andrew Godkin a Jami'ar Kadif ta Birtaniya suka sauya gaɓa ɗaya tak a wuri na 11 ɗin, a wani guntu na bairos ɗin mura, suka sa arjinin. Riƙon da TCR ke yi ya ƙaru, kuma jerin ƙwayoyin T na mutum da suka amsa ya canja.

Abin da ya sa ɗan bambanci ke yin tasiri haka shi ne yadda tashin ke faruwa. TCR ba ya kama guntu da ƙarfi irin na antibodi. Yana taɓawa ne na 'yan daƙiƙu ya saki. A cikin waɗannan daƙiƙu dole jerin sauye-sauye su kammala a cikin ƙwayar, ɗaya bayan ɗaya. In ya saki da wuri, sai komai ya koma farko. Ɗakin binciken Mark Davis a Jami'ar Stanford ya nuna a 2002 cewa ƙwayar T mataimakiya tana jin ko da guntu ɗaya ne a saman ƙwaya mai gabatarwa, kuma wajen goma sun isa ta tsaya ta ƙulla cikakkiyar haɗuwa. Ga abin da ke aiki da adadi ƙanƙani haka, ƙarin daƙiƙa ɗaya a riƙo babban al'amari ne.

Aiki na uku yana da haɗari. Tunda kwarmin a buɗe yake, dogon guntu na iya zamewa gaba ko baya, wata tara ta shiga maimakon wata. Guntu mai gaɓa 15 yana da hanyoyi bakwai da zai iya kwanciya, in ramukan sun yarda, kuma kowace kwanciya fuska ce dabam ga ƙwayar T. An ga illar wannan a ciwon suga nau'i na 1, wanda garkuwar jiki ke hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin. A 2005 Maki Nakayama da George Eisenbarth a Denba suka nuna cewa a wani jinsin ɓera mai saurin kamuwa da ciwon, sauya gaɓa ɗaya a cikin guntun insulin na sarƙar B, daga ta 9 zuwa ta 23, ya hana ciwon tasowa. A 2011 James Mohan da Unanue suka bayyana yadda ƙwayoyin masu ɓarna ke tsira. A gaɓar jiki da ake kira taimos, inda ake tantance ƙwayoyin T a kashe masu gane jikin mai su, ana nuna musu guntun a kwanciyarsa mai ƙarfi, domin HLA-DM da makamancinsa na ɓera ba sa barin mai rauni. A cikin fankiriyas kuwa akwai guntayen insulin da aka riga aka yanka, suna hawa MHC ba tare da wannan tacewa ba, su kwanta da zamewar gaɓa ɗaya. Ƙwayoyin da ke gane wannan kwanciya ba a taɓa gwada su da ita ba, saboda haka suka fito da rai.

Gaɓa 33 a cikin alkama

Babu inda tsawo ya fito fili kamar ciwon siliyak, wanda cin alkama ke lalata wa mai shi ƙaramin hanji, ya kawo gudawa, rama, ƙarancin jini da tsumburewar yara. Yawancin furotin da muke ci, kafin ya bar hanji an daddatsa shi zuwa gaɓa ɗaya, biyu ko uku, abin da bai kai ya cika kwarmin MHC ba. Gulutin na alkama ya fita dabam. A 2002 Lu Shan da Chaitan Khosla na Stanford, tare da Ludvig Sollid na Oslo, suka zuba wani furotin na gulutin cikin enzayim na ciki da na hanji, suka ga wani guntu mai gaɓa 33 ya ƙi yankuwa. Gaɓa 13 a cikinsa furolin ne, wanda enzayim ɗinmu ba sa iya yanka kusa da shi, 10 kuma gulutamin. A bangon hanji wani enzayim na jiki, tiransgulutaminas, yana mai da wasu gulutamin ɗin su zama gulutamet, kuma wannan sauyi ne ke sa guntun ya dace da ramukan HLA-DQ2, wanda kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ke ɗauke da shi. Cikin gaɓa 33 ɗin akwai cibiyoyi shida da suka hau kan juna. Ko ta ina MHC ya kama, ya samu abin ɗagawa.

An daɗe ana ɗaukar siliyak ciwon Turawa ne. A 1999 Carlo Catassi ya auna yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu kashi 5.6 cikin 100, ninki biyar na abin da aka saba gani a Turai. Yadda burodi, taliya da fulawa ke ƙara shiga abincin garuruwanmu, ya dace likitan da ya ga yaro mai gudawar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ya riƙa tunawa da shi.

Darasin masu ƙera rigakafi

A shekarun 1990 an yi zumuɗin cewa tunda an san guntun da makasa ke gani, sai a ƙera shi daidai gaɓa 9 a yi allura da shi don yaƙar ciwon kansa. Sakamakon ya yi ta ba da kunya, wani lokaci ma ya juya. A 1996 René Toes da Cornelis Melief a Jami'ar Leiden ta Holan suka yi wa ɓeraye allura da irin wannan gajeren guntu, sai ƙarin da aka dasa musu ya fi saurin girma. Gajeren guntu ba ya bukatar yanka, don haka yana hawa MHC na kowace ƙwaya da ya tarar, har da waɗanda ba su da sigina ta biyu da ƙwayar T ke bukata. Ƙwayar T da aka nuna wa guntu babu wannan sigina, maimakon ta tashi sai ta mutu ko ta yi sanyi. A 1998 ɗakunan bincike uku, ciki har da na Leiden, suka nuna cewa mataimaka ne ke ba ƙwayar dendiritik lasisin tayar da makasa, ta hanyar furotin CD40.

Mafitar da Melief ya bi ita ce ƙara tsawo. Guntu mai gaɓa 25 zuwa 35 ba ya shiga kwarmin aji na ɗaya sai an haɗiye shi an yanka, kuma dendiritik ce gwanar wannan aiki. Yawanci kuma yana ɗauke da rabon makasa da na mataimaka a jiki ɗaya, su haɗu a kan ƙwaya ɗaya. A 2009 Gemma Kenter da ayarin Leiden suka wallafa gwaji a kan mata 20 masu wani mugun sauyin fatar al'aura da bairos ɗin HPV-16 ke haddasawa, wanda kan iya zama kansa. An yi musu allura da dogayen guntaye 13 da suka rufe furotin E6 da E7 na bairos ɗin. Bayan wata 12, cikin mata 19 da aka bibiya, 15 sun samu sauƙi, 9 kuma ciwon ya ɓace gaba ɗaya. Waɗanda suka warke sarai su ne waɗanda mataimakansu suka fi tashi. Gwajin ƙarami ne, kuma da aka kai allurar ita kaɗai ga masu kansar bakin mahaifa da ta yi nisa, ba ta yi wani abin kirki ba. Duk da haka ya canja yadda ake tsara irin waɗannan allurai.

Mu a yankinmu mun ga amfanin mataimaka da idonmu, ko da ba mu san sunansu ba. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum wajen 250,000 a faɗin yankin Sahel ta kashe kimanin 25,000, kuma Arewacin Nijeriya da Nijar na cikin inda ta fi ɓarna. Tsohuwar allurar sanƙarau sukarin ɓawon bakteriyar ce zalla. Sukari ba ya zama feftid, don haka mataimaka ba sa shiga, kariyar ba ta daɗewa kuma ba ta kama jarirai sosai. Allurar MenAfriVac, da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a Disambar 2010, sannan Nijeriya da Chadi a 2011, an ɗaure sukarin ne da furotin ɗin dafin tetanos da aka kashe wa guba. Ƙwayar B mai gane sukarin tana haɗiye su tare, ta yanka furotin ɗin, ta ɗaga guntayensa, mataimaka su gane su ba ta izini. A Chadi an ga sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar, bisa wannan tsari.

Ba a ba jiki guntu ɗaya zaɓaɓɓe a nan ba. An ba shi furotin mai gaɓa fiye da 1,000 aka bar kowa ya yanko nasa, kuma ina ganin wannan shi ne ya fi dacewa da mu. An rubuta nau'o'in HLA fiye da 30,000 a duniya, kowane da siffar ramukansa, kuma babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin ƙwayoyin gado. Guntun da ya zauna daram a HLA na wani, a na maƙwabcinsa ba zai kama ba. Tun 1991 Adrian Hill ya nuna a Gambiya cewa yaran da ke da wasu nau'o'i, ciki har da DRB1*1302 na aji na biyu, sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ne daga baya ya jagoranci aikin allurar zazzaɓin mai suna R21 a Oksfod, wadda Nijeriya ta fara bayarwa a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, kuma ita ma tana ɗauke da dogon sashe na furotin ɗin ƙwayar zazzaɓin da ya haɗa wuraren da mataimaka ke gani. Gajarta guntu yana nufin zaɓar waɗanda zai yi wa aiki, kuma bayanan da ake zaɓen da su sun fi yawa ne a kan nau'o'in HLA na Turawa.

A ɗakunan bincike an tsaya a kan 15 a matsayin sulhu: tara a ciki, uku gaba, uku baya. Ana yanka furotin a takarda zuwa guntaye masu gaɓa 15 da ke hawa kan juna da 10 ko 11, don kada wata cibiya ta faɗa tsakanin biyu ta ɓace. Da irin wannan ne Alba Grifoni, Alessandro Sette da Shane Crotty a La Jolla ta Kalifoniya suka nuna a 2020 cewa duk waɗanda suka auna cikin masu warkewa daga korona suna da mataimaka masu gane bairos ɗin, haka kuma kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na jinin da aka ɗiba tun kafin annobar. Hanyar tana aiki, sai dai tana da makanta. Cibiyar da ta faɗo a gefen guntu ba ta da baki ta ɓangare ɗaya, kuma bayan abin da Vignali ya nuna, rashin amsa a kwalba ba hujja ba ce cewa babu ƙwayoyin a jiki.

Shi ya sa yanzu aka koma ga tambayar ƙwayar kanta. Ana ciro dubban guntaye daga HLA nau'i ɗaya-ɗaya, a karanta jerinsu da na'urar auna nauyin sinadarai, a ciyar da kwamfuta don ta koyi inda cibiya take da inda enzayim ke tsayawa. Daga irin wannan tarin bayanai ne Julien Racle da David Gfeller a Lozan ta Suwizalan suka nuna a 2023 cewa wasu nau'o'in HLA-DP suna riƙe guntu a juye, wutsiya a wurin kai, kuma ƙwayoyin T mataimaka suna gane shi a haka. Manhajojin hasashe da aka gina kafin nan duk a kan kwanciya ta fuska ɗaya aka horar da su, don haka irin waɗannan guntaye ba su taɓa fitowa a lissafinsu ba.